Rikoda a Hannun Masu Harshe

A jikin tambarin ƙasar Afirka ta Kudu, wanda aka ƙaddamar a shekarar 2000, akwai jimla guda da aka rubuta da harshen ǀXam. Duk duniya yau babu wanda ya tashi da wannan harshe a bakinsa. An tsamo kalmomin ne daga littattafan wani Bajamushe masanin harsuna, Wilhelm Bleek, da 'yar'uwar matarsa Lucy Lloyd. Tun daga 1870 suka riƙa zaunar da wasu mutanen ǀXam a gidansu da ke Cape Town, galibinsu fursunoni da aka ɗauko daga gidan yari, suna faɗa su kuma suna rubutawa: tatsuniyoyi, waƙoƙi, labarin taurari, labarin farauta, da yadda aka raba su da ƙasarsu. Abin da suka tara ya haura shafi 12,000, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin taskokin tarihin duniya. Aiki ne na haƙuri, kuma ban raina shi ba. Sai dai jikokin waɗancan mutane harshen Afirkans suke yi a yau, kuma duk wanda ke son sanin abin da kakansa ya faɗa, dole ya bi ta fassarar Turancin da ke gefen shafi.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari duk lokacin da na ji an ce an adana wani harshe. An adana shi a ina? A hannun wa? Wa ke da ikon zuwa ya ɗauko? Ni dai a ganina, aikin naɗar adabin baka na harsunan da ke gab da ɓacewa ya kamata ya koma hannun masu harsunan. Su riƙe rikoda, su zaɓi abin da za a naɗa, su faɗi wanda zai ji, kwafin farko kuma ya kwana a garinsu. Masani daga waje ya zo ya taimaka, ya koyar, a biya shi in ta kama, amma kada ya wayi gari shi ne mai kaya. Dalilina kuwa ya wuce na kara da mutunci. Abin da ake samu idan ɗan gida ne ya yi naɗin ya fi na baƙo inganci, kuma ya fi shi daɗewa.

Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, kuma ƙiyasin da UNESCO ke kafa hujja da shi ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na cikin haɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2022 zuwa 2032 domin harsunan 'yan asalin ƙasa. Mafi yawan waɗannan harsuna ba su daɗe da sanin rubutu ba, wasu ma ba su san shi ba sam. Saboda haka tarihin zuri'a, hukuncin gado, sunayen itatuwa da amfaninsu, iyakar gona da makiyaya, duk a ka suke, da baki ake miƙa su. Akasari kuma ba yaƙi ko annoba ke kashe harshe ba. Uwa ce ke duban kasuwa da makaranta da ofis, ta ga da wane harshe ake cin abinci, sai ta daina yi wa ɗanta nata. Turanci na wannan haɗiya, Sifaniyanci na yi, haka Rashanci da Sinanci da Suwahili. Hausa ma na yi. Masu harshen Ajawa a ƙasar Bauchi sun koma Hausa tun a ƙarnin da ya wuce, kuma ba su kaɗai ba ne. Don haka mai karanta wannan rubutu ya daina ɗaukar kansa ɗan kallo.

Mu tsaya kan zaman naɗi guda, mu dube shi da kyau. Baƙo ya iso da na'urarsa, da takardar neman izini, da tafinta. An kira tsohuwar da kowa ya ce ita ce ta san tatsuniya. An kori yara kada su yi surutu, an kashe rediyo, an maƙala mata makirufo a wuyan riga, aka ce, “To Iya, muna ji.” Me za ta yi? Za ta gyara zama, ta gyara murya, ta riƙa tauna kowace kalma kafin ta fitar. Inda labarin ke da waƙa, wadda yara ne ya kamata su amsa, za ta rera baiti ɗaya ta tsaya, don babu 'yan amshi, an kore su. Inda akwai zagi, ko batsa, ko habaici ga wani dangi, za ta tsallake, don ba a yi wa baƙo wannan. In ta ga fuskarsa ta nuna bai gane ba, sai ta juya zuwa babban harshen yankin ta yi masa bayani. Za a tashi da sauti garau babu hayaniya, rabin abin kuwa ya zube ba wanda ya lura.

Yanzu a ce jikarta ce ta ajiye waya a gefe ana zaune da dare. Tsohuwar ba za ta gyara zama ba. Za ta fara, ta katse ta yi wa wani yaro faɗa, ta dawo inda ta tsaya. Yara su amsa waƙar, ɗaya ya yi kuskure ta gyara masa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai ba haka mahaifiyarta ke faɗa ba, gardama ta kaure a kan ko ƙane ne ya fara shiga dajin ko wa. Ita kanta wannan gardamar dukiya ce. A cikinta ake jin yadda ake musu da harshen, yadda ake rarrashi, yadda ake tsawa, yadda ake katse babba ba tare da an ci masa fuska ba. Ba a samun waɗannan a ƙamus, kuma su mai koyo ya fi buƙata ranar da zai buɗe baki. Ita jikar kuma ta san abin tambaya. Ta san akwai waƙar da ba a yi sai an yi rasuwa, ta san wane tsoho ne ba ya sakin jiki in wane yana wurin, ta san kalmar da kakarta ke furtawa in ranta ya ɓaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wani hali na adabin baka kansa da ke sa ziyarar wata biyu ko uku ta kasa. Tsakanin 1933 da 1935, wani malamin jami'ar Harvard, Milman Parry, da ɗalibinsa Albert Lord sun naɗi mawaƙan tarihi a tsohuwar Yugosilabiya. Mawaƙan kan dage cewa kalma da kalma suke maimaita waƙa yadda suka ji ta. Da aka jera faya-fayan aka kwatanta, sai ga shi babu wanda ya rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya. Wata rana suka sa wani gwani, Avdo Međedović, ya saurari wata waƙa da bai sani ba daga bakin wani mawaƙi, sannan suka ce ya maimaita. Ya maimaita, labarin na nan yadda yake, amma tsawon waƙar ya kusa ninkawa uku saboda ado da siffantawar da ya ƙara. Mawaƙan ba ƙarya suka yi ba. A wurinsu, in dai labarin da hanyar gina shi ba su canza ba, to waƙa ba ta canza ba.

To in haka ne, wanda ya naɗi tatsuniya sau ɗaya daga baki ɗaya, abin da ya samu shi ne yadda ta fito a wannan zaman kawai. Matsalar tana cikin abin da ke biyo baya. Za a buga wannan kwafi a littafi da tambarin jami'a, littafin ya dawo garin, malamin makaranta ya riƙe shi. Daga nan duk wanda ya ba da labarin ta wata hanya, yara su ce ya yi kuskure, ko da kuwa shi ma gada ya yi. Naɗin da aka yi don ceto sai ya koma yana kashe sauran rassan. Maganin wannan shi ne yawa: bakuna da yawa, lokuta da yawa, damina da rani, shekara da shekaru. Babu mai iya wannan sai wanda ke zaune a wurin.

Ƙasar Ailan ta gwada wani abu makamancin haka tun ba a san wayar hannu ba. Daga 1937 zuwa 1939, hukumar tattara adabin gargajiya ta ƙasar ta haɗa kai da makarantun firamare wajen 5,000, aka tura yara fiye da 50,000 gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto abin da suka ji: almara, karin magana, kacici-kacici, maganin gargajiya, sunayen wurare, labarin babbar yunwa. Hukuma ce ta shirya abin, kuma da yawa da Turanci aka rubuta, domin harshen ƙasar ya riga ya ja baya a yawancin yankuna. Duk da haka, babu tawagar masana da za ta iya shiga gidaje masu wannan yawa cikin ƙasa da shekara biyu. Yau an ɗora shafukan a intanet, 'yan sa-kai na kwafe rubutun. Mutum kan shiga ya ci karo da rubutun hannun kakarsa tana yarinya, da sunan tsohon da ya ba ta labarin a ƙasan shafi.

Sai maganar mallaka, wadda ita ta fi ɗaci. A 1988 wasu mawaƙan ƙabilar Amis ta Taiwan suka je wasa Faransa, aka naɗi muryoyinsu. Bayan 'yan shekaru, wasu makaɗan Turai suka yanki muryar wani dattijo, Difang Duana, da ta matarsa, suka ɗora kan kiɗansu. Waƙar ta zaga duniya, har aka yi tallar wasannin Olamfik na Atlanta na 1996 da ita. Shi kuwa manomi yana ƙauyensa, ba a tambaye shi ba, ba a ko ambaci sunansa ba. Sai da aka shigar da ƙara sannan aka sasanta a wajen kotu. Ba abin mamaki ba ne, domin dokar haƙƙin mallaka a ƙasashe da yawa wanda ya danna maɓallin naɗi take karewa. Waƙar gado kuwa ana ɗaukarta ta kowa ce, wanda a aikace yake nufin ta wanda ya riga kai ta kasuwa. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta ce a sashe na 31 su ke da ikon sarrafa adabinsu na baka, amma sanarwa ce, ba ta ɗaure kowa a kotu.

Mutanen Maori na Niyu Zilan ba su zauna jiran doka ba. Suna da wata 'yar tashar rediyo, Te Hiku, a garin Kaitaia can arewacin ƙasar, wadda ta tara hirarrakin dattawa na shekaru masu yawa. Da suka so kwamfuta ta riƙa mayar musu da magana rubutu, ba su kwashi kayan sun miƙa wa wani babban kamfani ba. A 2018 suka shirya gasa, jama'a suka riƙa karanta jimloli suna turowa, cikin kwana 10 suka tara fiye da awa 300, suka horar da tasu manhajar. An nemi su sayar, suka ƙi. Suka rubuta nasu lasisin, wanda ya gindaya cewa duk amfanin da za a yi da muryoyin sai ya komo wa Maori. A wannan zamani da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke wawure duk wata murya da rubutu da suka tarar a buɗe, ni ban ga rowa a nan ba. An ƙwace ƙasa, an bugi yara a makaranta don sun yi harshensu, yanzu kuma a zo a sayar wa jikoki harshen nan da biyan wata-wata?

Kuma ba kuɗi kaɗai ake karewa ba. Al'ummomi da yawa suna da maganar da mata kaɗai ke ji, da wadda sai wanda aka shigar cikin wani sirri, da waƙar da ba a rerawa sai a wani lokaci na shekara. A wasu sassan Ostireliya ba a nuna hoton mamaci ko a saki muryarsa sai an ɗauki lokaci. Tsofaffin rumbunan ajiya abu biyu suka sani, ko a buɗe wa kowa ko a rufe wa kowa. A 2007 mutanen Warumungu na garin Tennant Creek, tare da wata mai bincike, Kimberly Christen, suka fito da manhajar ajiya mai suna Mukurtu, inda abin da mutum zai gani ya danganta da ko shi wane ne, wane dangi ya fito, namiji ne ko mace. Yanzu al'ummomi a ƙasashe da dama na amfani da ita kyauta. Na san akwai masu cewa ilimi na kowa ne, bai kamata a kulle shi ba. Abin da na lura shi ne, masu wannan magana ba kasafai suke tsare kamfani su ce ya buɗe sirrin haɗinsa ba, kuma sun yarda gwamnati ta rufe takardunta shekara da shekaru. Sai an zo kan sirrin marasa ƙarfi ake tuna cewa ilimi na kowa ne.

Ko don sanin abin da ke cikin naɗin ma, ba a iya wa sai da masu shi. A watan Maris na 1890, Jesse Walter Fewkes ya naɗi waƙoƙi da labaran mutanen Passamaquoddy a jihar Maine ta Amurka kan faya-fayan kaki, kuma suna cikin na farko-farko irinsu a duniya. Faya-fayan sun zauna a Harvard, daga baya aka mayar da su ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, da 'yan gajerun bayanai a kansu. Sai da aka wanke sautin da na'urorin zamani, masu jin harshen suka zauna suna saurare suna mayarwa baya, sannan aka rubuta abin da ake faɗa a ciki, aka san wace waƙa ce ta wane taro, da wacce ke son a yi taka-tsantsan da ita. Fiye da shekara 120 kaya na hannun masana, ma'anarsu kuwa tana can inda aka baro ta.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai harsunan da ba don tsofaffin takardu da faya-fayai ba, da ba su da hanyar dawowa. Harshen Wampanoag, na wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, ya yi fiye da shekara 100 babu mai magana da shi. A 1993 wata 'yar ƙabilar, Jessie Little Doe Baird, ta fara aikin tayar da shi. Ta je jami'ar MIT ta karanci kimiyyar harshe, ta dogara da fassarar Baibul ta 1663 da wasiƙu da takardun filaye da kakanninta suka rubuta da hannunsu, har 'yarta ta tashi da harshen. A tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, Ned Maddrell, wanda ake lissafawa na ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen Manx, ya rasu a 1974, amma tun 1948 aka naɗi muryarsa da ta sauran tsofaffi da na'urar da aka kawo daga Ailan. Da UNESCO ta sa harshen cikin matattu a 2009, yaran makarantar firamaren da ke koyarwa da Manx zalla, wadda aka buɗe a 2001, suka rubuta mata wasiƙun ƙorafi da harshen, dole ta gyara. A duka biyun ajiya ta yi rana. Amma a duba su wa suka tashi suka ɗauko ta: 'yar ƙabila, da matasan tsibiri da suka riƙa bin gidajen tsofaffi suna koyo tun suna raye.

Masanin harshe kuma yana da abin da ɗan gida ba shi da shi. Ya san yadda ake gano sautukan da ke bambanta ma'ana, yadda ake tsara wa harshe rubutu, yadda ake tono nahawun da mai harshe ke amfani da shi kullum ba tare da ya iya bayyana shi ba. Wanda ya ce a kore su bai san nauyin aikin ba. Abin da nake so ya canza shi ne wa ke aiki a ƙarƙashin wa.

Bari in juyo kan 'yan gida, don su ma suna da nasu. Ina tsoron yawancin naɗin da ake yi da waya a yau ba zai yi tsawon rai ba. Saurayi ya naɗi kakansa awa biyu yana jero sunayen magabata. Fayil ɗin na cikin waya, da sunan lambobi da na'ura ta laƙaba masa. Ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, kowa ya sa alamar zuciya ko ta hawaye, aka wuce. Bayan wata shida waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko ta cika ya goge don ya samu wurin sabon bidiyo. A ce ma fayil ɗin ya tsira, bayan shekara 30 wa zai san wane ne ke magana, a wane gari, da wane karin harshe, kuma wane ne wannan “wane” da yake ta ambata?

Gyaran ba shi da tsada, horo yake so. Kafin a fara, mai naɗi ya faɗi kwanan wata, da wuri, da sunan mai magana, da wanda ya koya a wurinsa, a cikin naɗin kansa yadda ba za su rabu ba. A tambayi mai magana wa ya yarda ya ji, ya amsa da bakinsa. A ajiye asalin fayil ɗin, ba wanda ya yi yawo a wayoyi ba. A yi kwafi a wurare dabam-dabam, ɗaya a gari, ɗaya nesa. Wanda ke ganin babban gini shi ne tsaro, ya tuna daren 2 ga Satumba 2018 da gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Burazil a birnin Rio, ta haɗa da naɗe-naɗen harsunan 'yan asalin ƙasar, wasu na mutanen da ba sauran mai jin harshensu. A nan rumbuna irin su ELAR, wanda aka kafa a Landan a 2002 ya koma Balin a 2021, ko PARADISEC na Ostireliya, suke da rana: su riƙe kwafi amana, bisa sharaɗin masu kaya.

Mafi nauyin aikin shi ne rubutawa da fassarawa. Minti ɗaya na magana kan iya cinye awa guda kafin a rubuta shi daidai a fassara, kuma dole a yi tun mai maganar na raye, don akwai kalmar da in ba a koma an tambaye shi ba, shi ke nan ta tafi. Rumbunan duniya na cike da kaset-kaset da ba wanda ya rubuta, wasu kuma ba sauran mai iyawa.

Sannan in an ce al'umma ta jagoranci aiki, sai a tambaya su wa a cikinta. In aka bar abin yadda ya saba, manyan maza masu faɗa a ji ne za su zauna gaban makirufo. A naɗi tarihin yaƙi da jerin shugabanni, a manta da waƙar raino, da waƙar aiki, da wasan yara, da maganar waɗanda ake raina asalinsu, alhali ta bakin mata da yara harshe ya fi wucewa. Akwai kuma masu tsaurin nan da ke sheƙewa da dariya in matashi ya karya harshe ko ya cusa baƙuwar kalma. Na fi jin tsoron waɗannan a kan baƙo mai rikoda, domin dariya ɗaya a gaban jama'a kan iya rufe bakin mai koyo har abada. Matsaloli ne na gaske, amma ba su zama hujjar mayar da aikin hannun na waje ba, tunda shi ma in ya zo ta ƙofar manyan garin yake shiga, wanda suka nuna masa shi yake naɗa.

Naɗin da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi shi ana cikin amfani da harshen. A tsibiran Hawai na Amurka, inda wata doka ta 1896 ta fitar da harshen 'yan asalin wurin daga makarantu, wani matashin malami, Larry Kimura, ya buɗe shiri a rediyo a 1972, yana gayyato tsofaffi su yi hira da harshen, masu sauraro na bugo waya. Ya riƙe shirin har 1988. Ana yi ana naɗa, ɗalibansa na gefe suna ji. Daga cikin waɗannan mutane aka samu waɗanda suka buɗe makarantar rainon yara da harshen zalla a 1984, suna koyi da abin da Maori suka fara a 1982, inda ake haɗa kakanni da ƙananan yara ɗaki ɗaya a hana wani harshe shiga. Yau waɗancan hirarraki na intanet, ɗalibai na saurarensu don gyara lafazi. Sun yi amfani ne saboda tun farko an tanadi waɗanda za su ji su. Haka Katrina Esau a garin Upington na Afirka ta Kudu, wadda aka hana ta yin harshen Nǀuu tana yarinya a gonar da iyayenta ke aiki. Ita da ba ta yi boko ba, ta buɗe aji a gidanta tana koya wa yaran unguwa da waƙa da wasa, masana suka taimaka da tsarin rubutu da ƙamus. Ban ce Nǀuu zai koma bakin kowa ba. Amma yaron da ya rera da shi yana ƙarami, in ya girma ya kunna naɗin tsohuwar, zai san abin da yake ji.

Abin da ya rage shi ne kuɗi, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ta fi tuntuɓe. Galibin tallafin wannan aiki ta jami'o'i yake bi. Mai digiri ne ke cika takardar nema, da Turanci ko Faransanci, a ware masa kuɗin jirgi da na'ura da na zama, masu harshe kuma a ba su ɗan abin da ya sawwaƙa na awannin da suka yi magana. In an tashi auna nasara, sai a ƙirga awa nawa aka zuba a rumbu. Kafin 2032 ta ƙare, ina so masu ba da kuɗin su sauya tambayoyinsu. 'Yan gida nawa aka koya wa naɗi da rubutu? Ina kwafin da ke garin, kuma wa ke riƙe da shi? Wa ya sa hannu kan wanda zai ji? Yarinyar nan da ke zama da kakarta tana tsayar da naɗi tana tambaya tana rubutawa, ita ke yin mafi wuyar aikin, don haka a yanka mata albashi kamar yadda ake yanka wa wanda ya zo daga jami'a, na shekaru ba na mako biyu ba. In ba a biya ta ba, birni za ta tafi neman aiki, kuma a can ba da harshen kakarta za ta nema ba.